Ofishin Farfe a Faransa: Gida Ɗaya, Hula Uku

A birnin Lille, can arewacin Faransa dab da iyakar Beljiyam, akwai gine-gine biyu da baƙo kan rikita, wani lokaci har da ɗan gari. Na farko tsohon gini ne na ƙarni na 19 a dandalin République, yana fuskantar babban gidan adana zane-zane na birnin. Shi ne préfecture, ofishin farfe, wato wakilin gwamnatin tsakiya, kuma gidan kwanansa. Na biyu sabon gini ne a unguwar Euralille, inda majalisar jihar Hauts-de-France ke zama da kansilolinta 170, ƙarƙashin Xavier Bertrand tun 2016. Dukansu biyu da sunan jiha suke magana. Sai dai mai gidan farko naɗo shi aka yi daga Faris, mai gida na biyu kuwa ƙuri'a ce ta kawo shi. Wanda bai raba su ba yakan kai kukansa gidan da ba a share irin hawayensa.

Mutumin Nijar ko Kamaru ba ya buƙatar a fassara masa farfe, don tsarin gwamna da farfe da ake aiki da shi a can gadon wannan tsari ne. Mutumin Najeriya ne zai iya tuntuɓe, saboda zai ɗauka farfen jiha gwamna ne. Ya fi kama da Razdan na zamanin da: ma'aikacin gwamnatin tsakiya da aka turo ya zauna a lardi, ya zama idonta da kunnenta da hannunta. Faransa ba tarayya ba ce. Jiharta ba ta da tsarin mulkinta, ba ta da 'yan sanda, ba ta kafa doka. Ƙasar na da jihohi 18, goma sha uku a Turai, biyar a ƙetaren teku, da gundumomi 101, da ƙananan hukumomi kusan 35,000, kowace da magajin garinta.

Gundumomin an yanka su a 1790, bayan juyin juya hali. Farfe kuma Napoleon Bonaparte ne ya ƙirƙiro shi da dokar 17 ga Fabrairu 1800, wadda ta ce farfe shi kaɗai ke da alhakin mulkin gunduma. Wani ɗan siyasa na ƙarni na 19, Odilon Barrot, ya siffanta irin wannan tsari da cewa gudumar nan ce dai ke dukan, ƙotarta kawai aka rage. Har yau maganar tana nan daram. Sashe na 72 na tsarin mulkin 1958 ya ce wakilin ƙasa yana wakiltar kowane minista, kuma shi ke kula da muradun ƙasa, da sa ido kan hukumomi, da bin doka. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi a taron majalisar ministoci, wanda aka saba yi ranar Laraba, kuma wata Larabar tana iya cire shi. Ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ba ya yajin aiki, ba ya barin gundumarsa sai da izini. A cikin ginin ofis yake kwana da iyalinsa, don a same shi ko da tsakar dare. Ranar biki yana sa kaki mai aikin zare na ganyen oak da zaitun a hula da hannun riga. Yawanci shekara biyu zuwa uku yake yi a wuri a ɗauke shi, kafin ya yi saiwa.

Kujerar ba ta rasa haɗari. An harbe farfe Claude Érignac a Ajaccio na tsibirin Corse ranar 6 ga Fabrairu 1998, kuma masu zanga-zangar riguna ruwan ɗorawa sun cinna wa ofishin farfen Puy-en-Velay wuta ranar 1 ga Disamba 2018. Mai fushi da gwamnati ƙofar da ta fi kusa da shi yake nufa.

Farfen da ke Lille hula uku yake sawa. Shi ne farfen gundumar Nord, wadda ta fi kowace gunduma yawan jama'a a Faransa, da ƙananan farfe a Dunkerque, Douai, Valenciennes, Cambrai da Avesnes-sur-Helpe. Shi ne farfen jihar Hauts-de-France, mai gundumomi biyar da mutum wajen miliyan shida, inda takwarorinsa huɗu ke zaune a Arras, Amiens, Beauvais da Laon. Shi ne kuma farfen shiyyar tsaro ta Arewa, ɗaya daga cikin shiyyoyi bakwai na ɓangaren ƙasar da ke Turai, wato idan bala'i ya fi ƙarfin gunduma ɗaya shi ke tattaro 'yan kwana-kwana da jandarmomi daga maƙwabta. Haka abin yake ko'ina: babu farfen jiha da ke zaune shi kaɗai, farfen gundumar da hedikwatar jiha take ne ake ɗora wa nauyin. Faris ce ta fita daban, domin can tsaro yana hannun farfen 'yan sanda, muƙamin da shi ma tun 1800 yake.

Hular jiha ita ce mafi ƙarancin shekaru. A 1964 aka ƙirƙiro ta don tsara tattalin arziki, kuma har yanzu kuɗi da tsari ne aikinta. Injin ɗakin shi ne sakatariyar harkokin jiha, da ake taƙaita wa SGAR, ƙaramin ofis mai jami'ai kowa da fanninsa: sufuri, aikin yi, makamashi, kuɗin Tarayyar Turai. Su ke shirya taron kwamitin mulkin jiha, inda farfen jiha ke zama da farfen gundumomi da daraktoci a raba kasafin da ministoci suka aiko. Ƙarƙashinsa akwai manyan sassa: DREAL mai kula da muhalli da gidaje da masana'antu masu haɗari, DRAAF na noma da daji, DRAC na al'adu da tsofaffin gine-gine, da DREETS na tattalin arziki da aikin yi, wanda aka haɗa a 2021. Nan ake ƙulla yarjejeniyar shekaru tsakanin ƙasa da majalisar jiha, wadda aka fara a 1984, ta yanzu kuma ta kama daga 2021 zuwa 2027. A cikinta ne ake rubuta wa zai biya nawa a gyaran layin dogo ko ginin jami'a ko tashar jiragen ruwa. Sa hannu biyu ne a ƙasan takardar, na farfe da na shugaban majalisa, kuma sau da yawa jam'iyyar shugaban majalisar tana adawa da gwamnatin da ta turo farfen. Dole su zauna, tunda ba wanda kuɗinsa zai isa shi kaɗai.

Wata doka ta 16 ga Fabrairu 2010 ta ɗora farfen jiha bisa farfen gundumomi, amma ta keɓe wasu abubuwa da ba ya ba su umarni a kai: kiyaye zaman lafiya, duba halaccin ayyukan ƙananan hukumomi, da shiga da zaman baƙi da neman mafaka. Wannan keɓewa ce mutane suka fi jahilta. Ɗalibin da ke zaune a Amiens, katin zamansa ya maƙale, idan ya rubuta wa farfen jiha a Lille don a tsawata wa na Amiens, ya yi asarar tambarin wasiƙa. A wannan fanni farfen gundumar Somme, wanda ke Amiens, ministan cikin gida yake amsa wa kai tsaye.

Akwai kuma inda hannun kowane farfe bai kai ba. Ba ya taɓa shari'a, ba ya umartar soja a aikinsu, ba ya tsoma baki a abin da ake koyarwa a makaranta, wannan na rektan ilimi ne. Ƙididdige haraji da karɓarsa na ma'aikatar kuɗi ne, sufetocin ƙwadago kuma suna da 'yancinsu. Asibitoci tun 2010 suna ƙarƙashin hukumomin lafiya na jiha, ARS, kuma lokacin annobar korona an ga yadda wannan rabon ya jawo jan-in-ja: mai ikon rufe kasuwa daban, mai sanin yawan gadajen asibiti daban. Ko teku ma ba tasa ba ce. Jiragen roba da ke tashi daga gaɓar Calais zuwa Ingila, muddin suna kan rairayi aikin farfen Pas-de-Calais ne, da sun hau ruwa sun koma hannun farfen teku, wani babban hafsan sojan ruwa da ke Cherbourg.

Haɗe jihohi da aka yi ranar 1 ga Janairu 2016, daga 22 zuwa 13 a ɓangaren Turai, ya ƙara dagula taswirar. Jihar Picardie ta haɗu da Nord-Pas-de-Calais suka zama Hauts-de-France, Amiens ta rasa matsayin hedikwata, sai aka rarrashe ta da barin sashen noma a can. A Normandie farfe yana Rouen, majalisa tana Caen. A Bourgogne-Franche-Comté farfe yana Dijon, mazaunin majalisa yana Besançon. Nouvelle-Aquitaine ta tashi da gundumomi 12 ƙarƙashin Bordeaux, faɗinta ya kai na ƙasar Ostiriya. An ce za a rage kashe kuɗi. Abin da ma'aikata suka fi gani shi ne doguwar tafiya zuwa taro.

Babban sauyi a aikin farfe ya zo ne da dokar ministan cikin gida Gaston Defferre ta 2 ga Maris 1982. Kafin ita, farfe ne ke zartar da shawarar majalisar gunduma, kuma magajin gari ba ya motsi sai ya amince. Bayan ita zaɓaɓɓu suka karɓi zartarwa, aka yi zaɓen majalisun jiha na farko a 1986, har sunan farfe aka canja zuwa kwamishinan Jamhuriya, kafin a dawo da shi a 1988. Yau majalisar jiha ce ke gina manyan makarantun sakandare, take biyan jiragen ƙasa na cikin jiha da koyon sana'a. Majalisar gunduma na da ƙananan sakandare da hanyoyi da tallafin marasa ƙarfi. Ƙaramar hukuma na da firamare da rajistar haihuwa da aure.

Abin da ya rage wa farfe a kansu shi ne duba halacci, kuma yadda ake yinsa ya cancanci a tsaya a kai. A ce majalisar wani gari ta ba da kwangilar gina zauren wasanni. Shawarar ba ta fara aiki sai an wallafa ta an kuma aika wa ofishin farfe, yanzu ta wata manhaja mai suna ACTES wadda ke mayar da shaidar karɓa nan take. Daga ranar farfe na da wata biyu. Idan jami'insa ya ga an tsallake tallata kwangilar, ko wani kansila mai hannu a kamfanin ya jefa ƙuri'a, farfe ba shi da ikon soke ta da kansa. Zai rubuta wa magajin gari wasiƙar jan hankali ya nemi a gyara ko a janye, kuma yawancin rigingimu a nan suke mutuwa. In magajin gari ya ƙi, sai farfe ya kai ƙara kotun ƙararrakin mulki, yana iya roƙon a dakatar da aikin kafin hukunci. Halacci kawai yake dubawa. Ko zauren ya dace da garin ko almubazzaranci ne, wannan tsakanin magajin gari ne da masu zaɓensa.

A kasafin kuɗi hannunsa ya fi nauyi. Ƙaramar hukumar da ba ta amince da kasafinta ba zuwa 15 ga Afrilu, ko 30 ga wata a shekarar zaɓe, farfe zai miƙa maganarta ga kotun binciken kuɗi ta jiha, ta ba da shawara cikin wata guda, shi kuma ya tsayar da kasafin da kansa. Haka garin da dokar shekarar 2000 ta wajabta wa gidajen masu ƙaramin ƙarfi kashi 20 ko 25 cikin ɗari, idan ya yi kunnen ƙashi, farfe na iya ninka tararsa har sau biyar, ya kuma karɓe ikon ba da izinin gini. Sanda ke nan. Karas ɗin kuwa tallafin ayyuka ne da yake rabawa, irin DETR na karkara da DSIL na ayyukan raya gari da asusun muhalli da aka buɗe a 2023 da Yuro biliyan biyu. Magajin ƙauye mai mutum ɗari uku da rufin makarantarsa ke yoyo ya san lambar wayar ƙaramin farfe fiye da ta ɗan majalisarsa.

Matsalar ita ce takardun da ke shigowa miliyoyi ne a shekara, masu dubawa kuma 'yan ƙalilan, don haka zaɓe ake yi: manyan kwangiloli, izinin gini a wurin ambaliya, ɗaukar manyan ma'aikata. Sauran sun wuce ba wanda ya buɗe.

Tsaro shi ne fuskar da talabijin ta sani. Mai shirya zanga-zanga zai sanar aƙalla cikakkun kwana uku kafin ranar, kuma kada ya wuce kwana 15, da sunansa da hanyar da za a bi. Farfe na iya canja hanya ko ya hana, masu shiryawa kuma su garzaya kotu, alƙali ya yanke cikin awa 48. Kotuna sun sha rushe irin wannan hani idan dalilin bai da ƙwari. Ranar bala'i kuwa ana buɗe ɗakin ayyuka a cikin ginin, inda 'yan kwana-kwana, 'yan sanda, jandarma, likitocin gaggawa, masu lantarki da masu hanyoyi ke zama teburi ɗaya ƙarƙashin tsarin agajin gaggawa mai suna ORSEC, farfe ne mai faɗa a ji. Haka aka yi a Arras lokacin da kogunan Aa da Liane da Canche suka yi ambaliya a Nuwamba 2023, suka sake a Janairu 2024. Da rani kuma shi ke sa hannu a umarnin fari mai hawa huɗu, daga jan kunne har zuwa matakin da ake hana ban ruwan gona da wanke mota.

Amma ga baƙo daga Yamai ko Kano ko Garwa, ofishin farfe abu ɗaya yake nufi: katin zama. A nan ne kuma tsarin ya fi ciwo.

Wanda ya shigo da bizar dogon zama mai matsayin kati, kamar yawancin ɗalibai, dole ya tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da isowarsa. Sabuntawa ana neman ta ne tsakanin wata huɗu da wata biyu kafin katin ya ƙare, a dandalin intanet na takardun baƙi mai suna ANEF. Wanda ya makara yana iya cin tarar Yuro 180. Ɗalibi zai nuna rajistar makaranta, da sakamakon jarrabawa da ke nuna da gaske karatun yake, da shaidar kuɗin ciyar da kai, da shaidar adireshi. Katinsa ya ba shi damar aiki awa 964 a shekara, wanda ya zarce kuma yana iya rasa katin. Idan katin ya ƙare ba a gama duba fayil ba, ya kamata a ba shi takardar tsawaitawa da za ta riƙe masa haƙƙinsa. Kalmar "ya kamata" ita ce inda gizo ke saƙa. Takardar ba ta fita da kanta, sai wani jami'i ya buɗe fayil ɗin ya danna. In bai kai kansa ba, mutumin da ya bi doka daga farko har ƙarshe zai wayi gari ba takarda: mai aiki ya dakatar da shi don tsoron tara, tallafin haya ya tsaya, in ya fita ƙasar dawowa ta zama aiki.

Ƙananan abubuwa ne ke kashe fayil. Hoton lantarki da lambarsa ta tsufa. Shaidar adireshi da ta wuce wata shida, ko ta mai masauki ba tare da katin shaidarsa ba. Takardar haihuwa da ba fassarar tafinta mai rantsuwa. Suna da aka rubuta Mahamadou a fasfo, Mamadou a takardar makaranta. Saƙon neman ƙarin takarda da ya faɗa akwatin dandalin, mai shi bai leƙa ba har wa'adi ya wuce aka rufe fayil. Da sauya gida: fayil adireshi yake bi, wanda ya tashi daga Lille ya koma Amiens tsakiyar dubawa ya canja farfe ke nan, sai an miƙa fayil ɗin daga wannan gunduma zuwa waccan.

Shirun hukuma ma hukunci ne. A yawancin katuna, wata huɗu ba amsa na nufin an ƙi, daga nan mutum na iya zuwa kotu. Wanda ya kasa samun ranar ganawa kuwa, lauyoyi kan ce ya riƙa ɗaukar hoton allon kwamfuta duk lokacin da shafin ya ce babu gurbi, da kwanan wata a jiki, cikin makonni daban-daban, don alƙali ya tilasta wa farfe ba shi rana. Ƙarancin gurbin ya haifar da 'yan kasuwar bayan fage masu kwashe ranaku da manhaja suna sayarwa. Idan kuma ƙin ya zo a rubuce, yawanci yana tafe da umarnin barin ƙasa, OQTF, mai wa'adin kwana 30, kuma lokacin ɗaukaka ƙara gajere ne: wata ɗaya, ko kwana bakwai, ko awa 48 ga wanda ke tsare. Roƙon farfe ya sake tunani ba ya tsayar da wannan agogo, kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa.

Me ya kawo haka? Ba mugun halin ma'aikacin kantar ofis ba ne, don kantar ma an rufe ta. A Nuwamba 2017 aka ɗauke lasisin tuƙi da katin mallakar mota daga kantocin ofishin farfe aka mayar intanet, fayiloli suka taru jibgi a watannin farko. Aka bi da baƙi ta hanyar ANEF, wadda dokar Maris 2021 ta fara wajabtawa. Lissafin shi ne kwamfuta za ta maye gurbin mutum, don haka aka rage mutanen tun kafin kwamfutar ta iya aikin. Kotun binciken kuɗi ta ƙasa ta ƙiyasta a 2022 cewa ma'aikatun gwamnati na jihohi da gundumomi sun rasa gurabe wajen 11,000 cikin kimanin shekara goma, kashi 14 cikin ɗari, ana cike giɓin da 'yan kwantiragin 'yan watanni waɗanda kafin su ƙware a dokar baƙi, mai sauyawa kusan duk shekara biyu, wa'adinsu ya ƙare. Ranar 3 ga Yuni 2022 kotun ƙoli ta ƙararrakin mulki, Conseil d'État, ta ce ba a tilasta wa baƙo intanet ba tare da an tanadar masa taimako da wata hanya idan manhajar ta ƙi ba. A Disamba 2024 ofishin mai kare haƙƙin jama'a ya fitar da rahoto mai zafi kan ANEF ɗin dai. Yau shari'o'in baƙi sun haura kashi 40 cikin ɗari na ƙararrakin da ke shiga kotunan mulki, kuma wani kaso nasu ba gardamar doka ba ce, neman ranar ganawa ne kawai.

Ga kuma ikon ganin dama. Halatta zaman wanda ba shi da takarda ba haƙƙi ba ne da za a ƙwata, farfe ne ke dubawa ya yanke. Takardar umarnin minista Manuel Valls ta 2012 ta ba da ma'auni, ta minista Bruno Retailleau ta Janairu 2025 ta maye gurbinta ta tsaurara, tana nuni da zaman shekara bakwai. Fayil iri ɗaya na iya wucewa a wannan gunduma ya faɗi a ta kusa da ita, kuma farfen jiha, kamar yadda aka gani, ba shi da ta cewa.

Gwamnati ta fara ja da baya kaɗan. An buɗe kantocin France services fiye da 2,000 a ƙauyuka da unguwanni, inda ma'aikaci ke taya mutum cike takardun fansho da haraji da katin mota, an kuma sa kwamfutoci da mataimaka a zauren ofisoshin farfe don masu fama da ANEF. A 2022 Shugaba Emmanuel Macron ya sanar da buɗe ƙananan ofisoshin farfe shida, biyar daga ciki waɗanda aka taɓa rufewa ne. Ɗaya tana Montdidier, a gundumar Somme, cikin jihar da ake mulka daga Lille.